Ba aljani ne ya murɗe mata wuya ba

An kawo mana ita da la'asar, wuya a karkace, harshe a waje, idanu sun kafe sama. Shekararta 15, tana makarantar kwana. Mahaifiyarta na rungume da gorar ruwan tofi tana cewa, "Sista, yau kam mutanen nata sun fito fili." Na ce me aka ba ta? Yayanta ya laluba aljihu ya fito da fasasshiyar kwalbar allura, haloperidol. Mai kemis ɗin layinsu ne ya ɗirka mata, wai don ta samu barci. Likita ya sa aka yi mata allurar da ke warware shi, ba a kira magariba ba wuyan ya miƙe.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne hannayen da yarinyar nan ta bi kafin ta iso gare mu. Tun zangon karatun baya ta daina cin abinci, makinta ya zube, dare ya yi sai kuka. Malamin aji ya ce lalaci ne, ya zane ta don tana gyangyaɗi. Metiron ta ga tana yawo da riga mai dogon hannu cikin zafin bazara, ba ta ce ta naɗe hannun ba, da ta ga shatin reza a jere a damtsenta. Aka maido ta gida, aka kai ta wurin mai ruƙiyya, ya yi hayaƙi, ya haɗa da dorina. Sannan kemis. Babu ko ɗaya da ya zaunar da ita ya ce, "Me ke damunki?" Sai da jami'ar walwalarmu ta yi ta zama da ita, ba uwa ba yaya a ɗakin, ta faɗa: wasu siniyoyi ne suka ɗauki hotonta a banɗaki suna mata barazana da shi.

Ba na faɗa da ruƙiyya, ni ma ina tofa wa 'ya'yana. Amma duka ba ruƙiyya ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna somawa ne kafin shekara 14, kuma ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da irinsu. A wannan shekarun yaro a gaban malami yake wuni, ba a gaban likita ba. Shi ya sa a digiri na biyu da na yi kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa a Jami'ar Ibadan, a cibiyar da Farfesa Olayinka Omigbodun ta kafa, aji ɗaya muka zauna da likitoci, da masana halayyar ɗan'adam, da jami'an walwala. Can na gane kowannenmu gefe ɗaya na yaron yake gani. Mu 'yan Arewa da ke neman irin wannan karatu ba mu taka kara mun karya ba, ga asibitoci a Barnawa da Kware da Maiduguri suna jiran hannu.

Mai kemis, ka ji tsoron Allah. Wannan allura ba farasitamol ba ce. An sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958, ɗauri da duka ba magani ba ne. Malamai, yaron da ya canza farat ɗaya a tambaye shi kafin a ɗauko bulala. A rage wa siniyoyi iko. Iyaye, in 'yarku ta ce gara ta mutu, kada ku ce yarinta ce, ku kawo ta ranar.

Kuma na sake faɗa, kada a bar mai kemis ya yi wa yaro allurar barci. In ma an riga an yi, a taho mana da kwalbar.