Yaron da ya ga abin tsoro: yadda za mu taimake shi da iyalinsa

Tun shekarar 2009 da rikicin Boko Haram ya tashi a arewa maso gabashin Nijeriya, mutane fiye da miliyan 2 sun bar gidajensu. A 2014, sa'ad da aka ci Gwoza a watan Agusta, aka kuma ci Mubi a watan Oktoba, ikkilisiyoyi da yawa sun buɗe majami'unsu da makarantunsu ga masu gudun hijira. Daga baya wasu sun karɓi 'yan'uwa da suka tsere wa hare-haren dare a ƙauyukan Filato, Binuwai da kudancin Kaduna. A cikin shekarun nan mun koyi raba masara, tabarma, bargo da gidan sauro. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne yaron da ya ci ya ƙoshi, ya sami wurin kwana, amma kowane dare sai ya farka da ihu.

Mun shirya wannan darasi domin malaman makarantar Lahadi, shugabannin zumuntar mata, masu bishara, da ma'aikatan lafiya na ƙauye. Ana iya karanta shi tare a ƙaramin rukuni.

Yaro ba ya cewa "ina cikin damuwa"

Babba yana iya faɗin abin da ke cinsa. Yaro kuwa jikinsa da halinsa ne suke faɗa. Ɗan shekara 6 da ya daɗe da barin fitsarin kwance sai ya koma yi. Yarinyar da take zuwa rafi ita kaɗai sai ta manne wa zanin uwarta, ko bayan gida ba ta yarda uwar ta je ba tare da ita ba. Wani yana kukan ciwon ciki ko ciwon kai kullum, a kai shi asibiti a gwada jini, ba zazzaɓin cizon sauro, ba tsutsar ciki. Wani da ya ji ƙarar babur da yamma sai ya shige ƙarƙashin benci, domin a kan babura maharan suka zo ƙauyensu. Ƙarar abin wasan wuta da yara ke fasawa lokacin Kirsimeti ma tana iya sa shi makyarkyata.

Za mu kuma ga yara suna yin bindiga da karan dawa, suna kwaikwayon harin da suka gani, sau da sau. Kada mu yi saurin tsawata masu. Ta wurin wasa ne yaro yake juya abin da ya fi ƙarfin bakinsa. Mu zauna kusa, mu lura, mu sa baki idan wani zai ji rauni.

Matasa nasu daban ne. Saurayi yakan zama mai saurin fushi, ya daina zuwa makaranta da sujada, ya shiga shan tramol ko shaƙar sholisho domin ya sami barci. Gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018 saboda yadda matasa suke shansa, amma hana kwalba bai cire abin da ke sa yaro neman ta ba. Budurwa kuwa sau da yawa shiru take yi. Tana aikin gida, tana gaisuwa da ladabi, sai kowa ya ce ta haƙura. Ita ce muka fi mantawa da ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar tunani. A 2019 ta kuma ƙiyasta cewa a wuraren da aka yi yaƙi, wajen mutum 1 cikin 5 yana da irin wannan matsala. Duk da haka, yawancin yaran da suka firgita suna samun sauƙi cikin makonni ko watanni ba tare da likita ba, muddin suna wurin da ba haɗari, kuma akwai babban da suka amince da shi kusa da su. Wannan ne ya sa aikin ya zama namu.

Duba, saurara, haɗa

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da ƙungiyar World Vision da wata ƙungiya sun fitar da jagora a kan taimakon farko ga wanda ya firgita. Abubuwa uku ta koyar: mu duba, mu saurara, mu haɗa mutum da taimakon da yake bukata. Ba sai mai digiri ba.

Dubawa ita ce ta fari. Yaron yana kwana a ina, kuma da wa? Ya ci abinci yau? Akwai rauni a jikinsa? Akwai wanda yake cutarsa yanzu a gidan da ya sauka? Ba amfani mu yi ta ba yaro magana mai daɗi alhali wanda yake tsoro yana kwana ɗaki ɗaya da shi.

Wajen saurare ne muka fi yin kuskure, kuma ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mun sha tsai da yaro a gaban jama'a ko a gaban baƙin da suka kawo taimako, mu ce ya ba da shaida yadda aka kashe mahaifinsa. Jama'a su yi kuka, a tara baiko, shi kuwa yaron ya koma gida ya kasa barci kwana uku. Tilasta wa mutum ya maimaita labarin abin tsoro ba ya warkar da shi, yana ma iya ƙara masa ciwo. Mu bar wannan al'ada. Idan yaron da kansa ya fara magana, mu sauka daidai tsawonsa, mu bar shi ya faɗi iyakar abin da yake so. Kada mu ce, "Ka manta, ya wuce," ko, "Namiji ba ya kuka." Ya isa mu ce, "Ɗana, na ji ka. Abin da ya faru ba laifinka ba ne." Yara da yawa suna ɗauke da laifin da ba nasu ba. Wani yana tsammani don ya yi kuka a inda suka ɓuya ne aka gano su.

Abin da yaro ya gaya mana kuma kada ya zama sanarwa a lokacin roƙon addu'a. A ƙauye, ko ba a kira suna ba, kowa ya san wa ake nufi. Iyakar inda za mu buɗe maganar shi ne idan ran yaron ko na wani yana cikin haɗari, kuma mu gaya masa tukuna wanda za mu faɗa wa.

Mu fara da uwa

Malamin makarantar Lahadi yana ganin yaro awa 1 ko 2 a mako. Uwa ko kaka tana tare da shi dare da rana. Idan ita ma ba ta barci, tana kuka a ɓoye, tana tunanin abin da za a ci gobe, yaron yana gani. Saboda haka ziyararmu ta fara da ita: "Mama, sannu da ƙoƙari. Ke kanki kina samun barci kuwa?" Mai yiwuwa tun da ta zo ba wanda ya yi mata wannan tambaya.

Daga nan sai maganar duka. Uwar da ta gaji da wankin tabarma kowace safiya takan ɗauki bulala, tana ganin yaron ya lalace ne ko yana yi da gangan. Mu bayyana mata cewa tsoro ne, kuma duka da gori a gaban 'yan'uwansa suna ƙara tsoron. A rage masa ruwa bayan abincin dare, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a shimfiɗa leda, a yabe shi ranar da ya tashi a bushe. Idan yana jin zafi wajen fitsari ko yana yawan ƙishirwa, a kai shi asibiti, domin wannan wata cuta ce daban.

Akwai kuma abin da muke yi da kyakkyawar niyya: mu ce wa yaro, "Baba ya yi tafiya." Yaron zai yi ta tsayawa a bakin hanya yana jira. Ranar da ya ji gaskiya daga bakin abokin wasa, sai ya daina yarda da maganar manya. Gara uwar, ko wani da yaron ya saba da shi, ya gaya masa a sauƙaƙe cewa Baba ya rasu, ba zai dawo ba, ga kuma waɗanda za su lura da shi. Zai sake tambaya gobe da jibi. A sake amsa masa.

Sauran maganin yana cikin al'amuran yau da kullum: lokacin tashi, lokacin abinci, komawa makaranta da wuri, ɗan aiki kamar ba awaki ruwa, ƙwallo, langa, waƙa, da tatsuniya da dare. Yaron da ya san abin da zai faru gobe da safe hankalinsa yana kwanciya. Idan tsoro ya taso masa, mu koya masa ya ja numfashi ta hanci a hankali, ya fitar ta baki kamar mai hura kunu mai zafi, sau 5 ko 6. Uwar ma ta yi tare da shi.

Nazarin Littafi Mai Tsarki: 1 Sarakuna 19:1-21

Wasu iyaye suna jin kunya, suna ganin damuwar ɗansu alama ce ta rashin bangaskiya. Bari mu karanta labarin Iliya. Annabi ne da ya ga ikon Allah a Dutsen Karmel, amma da Yezebel ta aika masa da barazanar kisa, sai ya gudu jeji, ya roƙa ya mutu. Mu lura da abin da ya fara samu. Ba a tsawata masa ba. Mala'ika ya ba shi abinci da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashe shi ya ci. Sai da ya kai Horeb ne Ubangiji ya tambaye shi, ya kuma bar shi ya faɗi kukansa har sau biyu. Bayan haka ya ba shi aiki, ya nuna masa ba shi kaɗai ya rage ba, ya ba shi Elisha abokin tafiya.

Idan abin ya fi ƙarfinmu

Mu nemi ma'aikacin lafiya ba tare da jinkiri ba idan yaro ko matashi yana maganar kashe kansa, yana jin muryoyi ko ganin abin da ba wanda yake gani, ya ƙi ci da sha, ya daina magana gaba ɗaya, ko kuwa wata ya wuce abin yana ƙaruwa maimakon raguwa. Idan muna zargin matashi yana tunanin mutuwa, mu tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa. Tambayar ba ta sa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kulle maganin ƙwari da na feshin gona. Yarinya ko yaron da aka yi wa fyaɗe a kai shi asibiti cikin awa 72, domin a wannan lokaci ne maganin kariya daga ƙwayar HIV yake aiki.

Farfaɗiya kuma ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. A kwantar da yaron a gefensa, a nisanta shi da wuta da ruwa, kada a sa masa cokali a baki. Da magani na kullum, kusan 7 cikin 10 suna iya daina faɗuwa.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa cikin Kaduna, a Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos ma yana da sashen. Amma a fara da asibiti mafi kusa, su za su ba da takardar zuwa gaba. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne ɗaure yaro da mari ko sarƙa, ko hana shi abinci da sunan azumi. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto cewa ana ɗaure masu taɓin hankali a Nijeriya a asibitoci, a wurin masu maganin gargajiya, da gidajen addu'a na Kirista da na Musulmi. A Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma kare haƙƙin marar lafiya. Mu yi addu'a tare da iyalin, mu kuma raka su asibiti.

Mu ma masu taimako mu yi hattara. Kada mu keɓe da yaro a rufaffen ɗaki; mu zauna a inda ana ganinmu ko da ba a jin maganarmu. Mu riƙa zuwa ziyara biyu biyu. Wanda ya ga shi ma ya fara kasa barci saboda labaran da yake ji, ya gaya wa abokin aikinsa, ya huta.

Tambayoyi don tattaunawa

Waɗanne abubuwa Iliya ya samu kafin a yi masa tambaya ko ɗaya? A cikinsu wanne ne iyalan da suka sauka a wurinmu ba su samu ba tukuna?

Waɗanne sunaye ake kiran yaro mai fitsarin kwance ko mai farfaɗiya da su a ƙauyenmu? Wa zai yi wa sauran yara magana a kan wannan?

Mun taɓa sa yaro ya ba da labarinsa a gaban baƙi? Me za mu ce wa baƙon da ya nemi haka nan gaba?

Idan a daren yau aka bukaci kai wani matashi asibiti, wane asibiti ne, wa zai raka shi, kuma daga wace jaka kuɗin mota zai fito?