Ka Farke Cikin Kifin Kafin Ka Zargi Abinci

Ɗana, tunda ka shiga kiwon kifi, akwai abin da nake so ka riƙe. Idan ka ga kifi yana ci amma ba ya girma, ko macen da ka ware don ƙyanƙyasa ta ƙi yin ƙwai, kada ka yi saurin ɗora wa mai sayar da abinci laifi. Kama guda ɗaya ka farke cikinsa ka duba. Sau da yawa tsutsa ce.

Akwai wata fara mai faɗi da masana ke kira Ligula. A hanjin tsuntsu mai cin kifi take balaga, ƙwanta ya biyo kashin tsuntsun ya faɗa ruwa. Wasu mitsi-mitsin ƙwarin ruwa su haɗiye abin da ya ƙyanƙyashe, kifi kuma ya cinye ƙwarin. Daga nan sai ta huda hanji ta kwanta a kogon cikinsa, tana girma har wani lokaci ta fi kifin tsawo. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda take hana shi haihuwa. Tana danne sinadaran jikin da ke sa ƙwai da maniyyi su nuna, sai mace ta kai shekarun haihuwa amma jakar ƙwanta na nan a tsuke. Ciki ya yi tulu, mai kallo ya zaci ƙwai ne. An same ta a ƙananan kifayen da ake kira dagaa a Tafkin Victoria. Kifin da ta kama yakan yi sanyin jiki ya riƙa yawo a saman ruwa, tsuntsu ya sure shi, zagayen ya sake farawa.

A tafkinka, waɗanda za ka fi gamuwa da su daban ne. Karfasa na fama da wasu rawaya-rawayan ƙuraje a nama ko kusa da maƙogwaro. Tsutsa ce a ciki, kuma sai ta bi ta jikin katantanwa da bakin zalɓe kafin rayuwarta ta cika. Ka tuna uwar karfasa a baki take renon ƙwanta, kuma kusan ba ta cin komai sai 'ya'yan sun fita. Wadda tsutsa ta riga ta ramar da ita, da wane ƙarfi za ta yi wannan azumin? Tarwaɗa kuwa ana yawan samun siraran tsutsotsi a nannaɗe a jikin kayan cikinta. Akwai kuma waɗanda ido ba ya gani, masu maƙalewa a fata da jan naman da kifi ke numfashi da shi. Su ne ke ƙarar da 'ya'yan kifi. In ka ga suna goga jiki a bango ko suna haki a saman ruwa, ka yi zarginsu.

Tunda tsuntsu da katantanwa ne hanyar yawancinsu, can za ka tare su. Shimfiɗa raga a saman tafkin. Cire ciyawar bakin ruwa. Bayan kowace kwasa ka tsiyaye ruwan, ka bar ƙasan ya sha rana har ya tsage, ka barbaɗa farar ƙasa. Kayan ciki da mataccen kifi a binne su, kada a jefa wa sauran.

Ina roƙonka musamman kan iyayen kifin da ake kamowa daga kogi ko dam. Komai kyansu, ware su a wani mazubi na 'yan makonni kana lura, kafin su haɗu da naka.

Wankan ruwan gishiri na taimakawa kan na fata, amma ba ya kai wa ga na ciki. Su sai magani irin su furazikwantel, shi ma ba kowace iri yake kashewa ba. Kai kifin da ya mutu yanzu-yanzu wurin likitan dabbobi ko jami'in kula da kifi, ya gane wace iri ce, ya auna maka magani, ya kuma faɗa maka kwana nawa za ka jira kafin ka kai kasuwa.