Hajiya Babba ta tafi da labaranta

Gwaggo,

Wata bakwai ke nan da rasuwar kakarmu, Hajiya Babba. A ɗakinta na tashi tun daga yaye. Ba ta da takardar haihuwa, amma takan ce an haife ta shekarar da aka naɗa Sarki Alhaji. Ta bar 'ya'ya shida, jikoki da tattaɓa-kunne kuwa sai an zauna lissafi. Kowace Juma'a gidanta cike yake, tana raba mana fura tana ba mu labarin dalar gyaɗa da zamanin fam da sule. Ban taɓa ɗaukar muryarta a waya ba, kullum ina cewa sai gobe. Yanzu kawunnaina na maganar sayar da gidan a raba gado, zuwan Juma'a ya mutu. Na kawo shawarar mu riƙa taruwa duk shekara don tunawa da ita, wani yayana ya ce bidi'a ce. Ina tsoron 'ya'yana su tashi ba su san ko wace ce ita ba. Yaya zan yi?

Jikar Hajiya, daga Kano

'Yata, Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta.

Sarki Alhaji shi ne Abdullahi Bayero, wanda ya hau gadon sarautar Kano a 1926. Ke nan kakarki ta kusa shekara ɗari a duniya. Tana da shekara 34 aka samu 'yancin kai, tana da 47 aka sauya fam zuwa naira a 1973, shekarar da fari ya addabi Arewa. Haka iyayenmu mata suke riƙe shekaru, da sarauta da yunwa da annoba, kuma da irin wannan ma'auni za ki iya jera rayuwarta daki-daki.

Kada ki tsaya dogon kukan muryar da ba ki ɗauka ba. Labaranta suna nan a bakin waɗanda suka zauna da ita: ƙannenta idan akwai, aminiyarta, maƙwabciyar da suka yi adashi tare, manyan gwaggonninki. Su ma tsofaffi ne, don haka makon nan za ki fara. Ki riƙe goro ko turare, ki gaishe su, ki nemi izini kafin ki kunna waya. Kada ki ce "ba ni tarihinta", za su ce ai mutuniyar kirki ce, magana ta ƙare. Tambaye su wa ya yi mata wankan jego, me ta sa a kwallarta, ta jirgi ta je Makka ko ta ƙasa, wa ta yi wa riƙo. A 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna haka da wata dattijuwa a ƙasar Zazzau, aka buga littafin Baba of Karo a 1954, har yau ana karanta shi. Ke kuwa kin fi ta gata, jininki ne.

Batun gida, ki sakar wa kawunnanki mara. Gado haƙƙin magada ne, jinkirta shi kan haifar da gabar da Hajiya ba za ta so ba. Ki roƙi a bar miki tasbaharta ko tsohon akwatinta, ki ɗauki hoton ɗakin kafin a kwashe kaya.

Yayanki kuma kada ki yi jayayya da shi, malamai ma sun saɓa a kan irin wannan taro. Addu'ar zuriya, da sadaka mai gudana, da kyautata wa ƙawayen mamaci, babu mai musu a kansu. Ku haɗa kuɗi ku haƙa rijiya a unguwarta. Zuwan Juma'a kuwa sada zumunci ne, kuma wani ne ya kamata ya buɗe ƙofarsa. Ki dama fura ranar Juma'a mai zuwa, ki kira mutum biyar, ki fara da yayan naki.