Hukuncin Buɗe Wayar Mutum Da Tilas

Wani ɗan kasuwa ya tare ni bayan sallar Juma'a a Masallacin Sarkin Musulmi Bello, nan Sakkwato, da tambaya. Ya ce an tsayar da shi a hanya, aka karɓi wayarsa, ya ƙi faɗin lambobin sirri, sai aka kama babban yatsansa aka dangwala, waya ta buɗe. Aka karanta saƙonnin iyalinsa, aka duba abin da ke ajiyarsa ta banki. Shin Shari'a ta yarda da haka?

Mu fara fahimtar abin tukuna. A 2013 kamfanin Apple ya fito da waya mai buɗewa da zanen yatsa, a 2017 kuma mai buɗewa da duban fuska, yau ko ƙananan wayoyi suna da irin wannan. Sauƙi ne, amma lambobin sirri a zuciya suke, ba su fita sai mai su ya ga dama. Yatsa da fuska kuwa a sarari suke, wanda ya fi ka ƙarfi yana iya amfani da su ko ba ka so.

Allah Maɗaukakin Sarki ya hana binciken asirin juna a Suratul Hujurati, aya ta 12, ya kuma hana shiga gidan wani ba da izini ba a Suratun Nur, aya ta 27. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa saboda gani ne aka shar'anta neman izini, kamar yadda Buhari ya ruwaito. To, ai wayar yau ta fi ɗaki tara asiri. Akwai hotunan iyali ba lulluɓi, da maganar bashi, da ta rashin lafiya, da amanar waɗansu bayin Allah da ba su ji ba su gani ba. Kama yatsan mutum kuwa daidai yake da ƙwace masa mabuɗi, ba a kiransa izini.

Hukuma fa? Imam Mawardi, wanda ya rasu a 450 bayan Hijira, ya nuna a littafinsa Ahkamus Sulɗaniyya cewa mai hisba ba shi da ikon tono laifin da aka ɓoye, sai in amintacce ya kawo labarin ɓarnar da ba ta gyaruwa in ta auku, kamar kisan kai. Saboda haka wanda ake zargi da kai wa 'yan bindiga rahoto, da hujja bayyananniya, ana iya duba wayarsa bisa umurnin alƙali. Kama ko tufafi ko zato kawai ba hujja ba ne. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ma ya kare sirrin gida da wasiƙu da maganar waya, kuma a Oktoban 2020 Sufeto Janar Muhammad Adamu ya gargaɗi 'yan sanda su daina binciken wayoyin mutane barkatai.

Kada mu ɗora wa na bakin hanya laifi duka. Maigidan da ke dangwala yatsan matarsa tana barci, da matar da ke yi wa mijinta haka, ayar nan ta shafe su.

Ga mai tambaya, in za ka yi tafiya, kashe wayar ka sake kunna ta, domin bayan haka ba ta karɓar yatsa ko fuska sai an sa lambobi. Wallahu a'alamu.