Ranar Asabar Baƙo Ne Kai

Ɗana,

Mahaifiyarka ta gaya min ranar Asabar za ku bi wata jami'a har gida, kuma wannan ne karon farko da koci zai sa ka cikin masu fara wasa a filin da ba naku ba. Ta ce ka ce mata wai duk ɗaya ne, fili yadi 100 ne a ko'ina, ƙwallon ma ita ce dai. A kan allon lissafi gaskiyarka, nasara ɗaya ake rubutawa ko a gida aka samo ta ko a dawa. Amma ka ba ni aron kunnenka kaɗan, don na girme ka a kallon wannan wasa, ko da yake ban taɓa sa hular kwanon ba.

Wannan ƙwallo ta Amurkawa da baki ake fara ta. Kai ka fi ni sani, amma abin da mutum yake yi kullum ba ya tsayawa ya dube shi. Kafin kowane hari ku goma sha ɗaya za ku haɗa kai, madugunku mai jefa ƙwallo ya faɗi dabarar da za a bi, ku jeru, ya leƙa yadda abokan hamayya suka tsaya, in bai gamsu ba ya ɗaga murya ya canza, sannan ya ƙirga a miƙo masa ƙwallo. Duk wannan cikin daƙiƙa 40. Jama'ar gida sun san haka, shi ya sa in ƙwallo na hannun 'ya'yansu sai su yi tsit. Da ta koma hannun baƙi kuwa, sai su buɗe maƙogwaro gaba ɗaya. Ba murna suke yi ba, aiki suke yi. A watan Satumban 2014, a filin Arrowhead na Kansas City, an auna ihun 'yan kallo ya kai desibel 142.2, ranar da ƙungiyar New England Patriots ta je musu baƙunta. Ƙungiyar Seattle kuwa tun 1984 ta daina ba kowane ɗan wasa riga mai lamba 12, ta ce ta magoya bayanta ce, su ne mutum na goma sha biyu a fili. A filinsu ne a Janairun 2011 ɗan wasansu Marshawn Lynch ya tsere da ƙwallo, jama'a suka yi ta tsalle har na'urar auna girgizar ƙasa da ke kusa ta nuna motsi.

To dubi inda kake tsayawa. Kai a gefen sahu kake, da mutum ɗaya tsakaninka da mai miƙo ƙwallo, kuma a gabanka ga wani ƙato da ba shi da buri sai ya kewaye ka ya danne madugunku. A gida kana da abin da ba shi da shi: ka san a ƙirge na nawa ƙwallo za ta motsa, shi bai sani ba. Ƙiftawar idon nan da kake riga shi tashi ita ce jarinka. A gidan mutane an ƙwace ta. Ba ka jin komai, madugu yana bayanku bakinsa na motsi kawai. Sai a koma ga ishara, na kusa da mai miƙo ƙwallo ya waiga, ya ga madugu ya shirya, ya taɓa mai miƙowar a cinya, shi kuma ya ɗaga kai ya saki ƙwallo. Kai kuma da wutsiyar ido kake kallon ƙwallon, rabin hankalinka na can, rabi na kan ƙaton da ke huci a gabanka, wanda shi ma abin da kake gani yake gani. In ka yi gaggawa ka motsa kafin lokaci, alƙalin wasa ya jefa ƙyallensa rawaya, a mayar da ku baya yadi 5. Yadi 10 da kuke nema ya zama 15, jama'a kuma su ga ihunsu ya yi rana, su ƙara wuta.

Nan darajar cin wasa a waje take. An toshe muku baki da kunne, abin da ya rage sai abin da kuka maimaita a filin atisaye har ya zauna a jiki, da yardar da kowa ya yi cewa na kusa da shi zai tashi a lokacin da aka yi alkawari. A gida ƙungiya tana iya ɓoye ɓarakarta, mai mantuwa a tuna masa da baki, mai sanyin jiki jama'a su zaburar da shi. Kare ma a gidansu zaki ne. A waje kuwa babu mai rufa muku asiri, shi ya sa koci yakan fi sanin irin yaran da yake da su bayan tafiya ɗaya fiye da bayan wasa uku a gida.

Sauran wahalhalun ba sai na daɗe a kansu ba. Gadon otal ba naka ba ne. Ƙungiyar da ta taso daga gabar yamma ta je gabas, wasan ƙarfe ɗaya na rana a jikinta ƙarfe goma na safe ne. Denver tana bisa tudu mita 1,600 da 'yan kai, baƙo yakan ji numfashi na yanke masa. Jami'ar Iowa ma har fentin ruwan hoda ta shafa wa ɗakin da baƙi ke canza kaya, tun zamanin kocinsu Hayden Fry, wai don a sanyaya musu zuciya. Waɗannan duk gaskiya ne, amma ni a ganina ƙanana ne in aka ajiye su kusa da jama'a. Shaidata kakar 2020, lokacin annobar korona, da aka buga wasannin gasar ƙwararru ta NFL filaye wayam ko da 'yan tsirarun mutane. Tafiya na nan, otal na nan, tudun Denver bai sauko ba, amma masu masaukin baƙi suka ci wasa 127, aka ci su 128, aka yi canjaras ɗaya. Alhali a shekarun baya na gida ne ke rinjaye, da tazara mai kyau kuwa. Wasu na cewa alƙalan wasa ma ihu yana ɗan karkata su ba da saninsu ba. Mai yiwuwa, mutane ne. Amma kada in ji wannan magana a bakinka ranar Asabar da dare.

Lokacin da nake tuƙi a New York, rediyo kullum a kunne, na bi kakar 2007 ta ƙungiyar garin, Giants, kuma har yau ban ga irinta ba. A gidansu abin kunya suka yi, wasa 8 suka ci 3 kacal. A waje kuwa, bayan Dallas ta doke su a wasan farko, ba su sake faɗuwa ba. Da aka shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale ba su da ikon karɓar kowa a gida, sai suka ɗauki jaka. Suka je Tampa suka ci, suka koma Dallas ɗin nan suka rama, sannan suka nufi Green Bay a watan Janairun 2008, cikin sanyin da ya kai wajen digiri 18 ƙasa da sifili, fuskar kocinsu Tom Coughlin ta yi jawur kamar za ta tsage. Mai bugunsu Lawrence Tynes ya ɓarar da bugu biyu a ƙarshen wasa, ko wanne da ya shiga da sun wuce gaba. Aka ƙara lokaci, ya sake fitowa ya buga daga yadi 47, ta shiga, 23 da 20. Bayan mako biyu suka kayar da Patriots 17 da 14 a wasan ƙarshe na Super Bowl, ƙungiyar da ta ci wasa 18 a jere babu wanda ya taɓa ta. Akwai ɗan Najeriya a cikin Giants ɗin, Osi Umenyiora, yana cikin masu farautar madugun abokan hamayya. Abin da na fahimta shi ne kafin Janairu ta zo, baƙunta ta daina ba su tsoro. Sun sha jin filin mutane ya yi shiru a kansu, sun san yadda ake kai shi ga haka.

Sai dai ba kowace nasarar waje ce ake buga wa ganga ba. In kun je kun tarar da ƙungiyar da kowa ke tattakawa, rabin kujeru babu kowa, ku ci ku dawo, ba labari. Nauyin abin yana ga wanda aka je wa da abin da ake tsammani. Ranar 1 ga Satumban 2007, wata ƙaramar jami'a daga duwatsun North Carolina, Appalachian State, ta je Michigan, wadda a lokacin ita ce ta biyar a ƙasar. Dala dubu 400 aka biya su don su zo a buɗe kaka da su, a doke su a sallame su. Gaban mutum sama da dubu 100 suka ci 34 da 32, suka tare bugun da Michigan za ta ƙwace wasan da shi ana saura 'yan daƙiƙoƙi. Mako na gaba babu sunan Michigan cikin 25 na sama.

Akwai kuma abin da nake tsoro, tun da na san jinin gidanmu. A ƙarshen Nuwamban 2024 Michigan ɗin nan ta je gidan babbar abokiyar gabarta Ohio State ta ci 13 da 10, babu wanda ya zata. Maimakon su tattara su tafi, sai wasu yaran suka ɗauko tutarsu za su kafa a tsakiyar filin mutane. Faɗa ya kaure, 'yan sanda suka fesa barkonon tsohuwa, aka ci kowace jami'a tarar dala dubu 100. Washegari maganar dambe ta kusa danne maganar wasan. In Allah ya ba ku sa'a, ka miƙa wa ƙaton nan hannu, ka shige ɗaki, ku yi murnarku a can. Za a zage ka daga kan kujeru tun kana ɗumama jiki, wataƙila har da sunanka da ba su iya faɗa ba. Kada ka ɗaga kai, so suke su samu wuri a cikin tunaninka.

Kafin nan, a atisayen makon nan in koci ya kunna lasifika don ku saba da hayaniya, kada ka ɗauke shi wasa. Ka ja na kusa da kai gefe ku daidaita ishararku har sai kun gaji da juna. Ka kwanta da wuri ranar Juma'a, wayar nan ka kife ta. Matafiyi ne kai, ƙasaru ta halatta gare ka, ka duba lokacin sallar garin tun kafin ku sauka. In an tashi, ko an ci ko ba a ci ba, ka fara kiran mahaifiyarka, don na san ba za ta iya kallo ba, tana ɗaki da carbi. Ni ka same ni daga baya, ina da tambayoyi a kan yadi biyar-biyar ɗin nan.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Kawunka.