IDIN BUKKOKI DA GODIYARMU TA KAKA

An yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, kwamitoci kuma sun fara zagaya gidaje da takardun godiyar kaka. Kafin ranar ta zo, ya kamata mu buɗe Littafi Mai Tsarki mu ga yadda Allah ya tsara wa Isra'ila nasu bikin girbin, sa'an nan mu auna namu da shi.

Littafin Firistoci sura 23 ya sa ranar, wato 15 ga wata na bakwai, wanda Yahudawa ke kira Tishri, yakan kuwa faɗo cikin Satumba ko Oktoba. A ƙasarsu lokacin an gama sussuka, an matse inabi. Kwana 7 ake yi, rana ta 8 kuma a yi taro mai tsarki. Yana cikin manyan idodi uku da maza ke hawa Urushalima dominsu. Abin lura shi ne, daidai lokacin da rumbu ya cika ne Ubangiji ya umarci maigida ya bar ɗakinsa ya koma bukkar rassan itatuwa, domin ya tuna kakanninsa sun zauna a bukkoki sa'ad da aka fito da su daga Masar. Duk wanda ya taɓa kwana a bukkar gona ya san ba ta da ƙofar da za a kulle. Har yau Yahudawa suna kafa ta, ba sa kuma cika rufinta, domin a iya hango taurari daga ciki.

To, su wa za su zauna a ciki? Maimaitawar Shari'a sura 16 ta lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Bayan maigida akwai ɗansa da 'yarsa, bawansa da baiwarsa, sai Balawe, da baƙo, da maraya, da gwauruwa. Mu ƙirga da kyau: cikin takwas ɗin nan, biyu kaɗai ne jininsa. Huɗu na ƙarshe kuwa abu ɗaya ya haɗa su, ba su da amfanin gona nasu. Lawiyawa ba a ba su rabon ƙasa ba sa'ad da aka raba Kan'ana. Baƙo ba shi da gonar gado. Maraya da gwauruwa sun rasa mai riƙe musu fartanya. Mu firistoci, da muke tsaye inda Balawe ya tsaya, ba laifi mu lura da inda aka ajiye mu, tsakanin baiwa da baƙo. Shari'a ba ta ce a aika wa waɗannan da ragowar tukunya ba. Cewa ta yi su yi murna tare da maigida, kamar yadda 'ya'yansa ke yi.

Bayan dawowa daga bautar Babila, Ezra ya karanta wa jama'a Shari'a a wannan wata na bakwai, suka yi ta kuka. Nehemiya ya hana su, ya sa su je su ci su sha, su kuma kai wa wanda bai shirya kome ba. Daga nan suka kafa bukkoki a kan soraye da farfajiyoyi. Littafin Ƙidaya sura 29 ya nuna bijimai 70 ake miƙawa cikin kwanakin bakwai, malaman Yahudawa na dā kuma sun ce domin al'umman duniya ne. Annabi Zakariya ya hango ranar da al'ummai za su hau Urushalima su yi wannan idi.

Ubangijinmu ma ya halarce shi. Yohanna sura 7 ta gaya mana 'yan'uwansa sun matsa masa ya tafi, alhali ba su ba da gaskiya gare shi ba. Ya bar su suka wuce, ya bi baya a ɓoye, a babbar rana ta ƙarshe kuma ya miƙe ya kira duk mai jin ƙishi ya zo gare shi. Ya san ɗacin zuwa biki ba tare da dangi ba. A Markus sura 3 ya dubi waɗanda ke zaune kewaye da shi ya kira su uwarsa da 'yan'uwansa, saboda suna aikata nufin Allah. A gindin gicciye ya danƙa Budurwa Maryamu ga almajirin da yake ƙauna, ya kafa gida daga mutum biyu da ba ciki ɗaya ba. A kan wannan tushe ne taron bishop-bishop na Afirka da aka yi a Roma a 1994 ya kira Ikilisiya Iyalin Allah, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu kuma ya sa hannu a kan saƙon taron a Yawunde a 1995.

Yanzu mu dubi namu. Ba ma raina gwanjon da ake yi bayan Misa, da shi ake rufa coci, da shi ake tallafa wa katikist. Amma sau da yawa ana kiran iyalai da sunansu, su fito da dammunan dawa da doya suna rawa, wani kuwa yana kujerar baya ba wanda ya kira shi. Akwai ɗan bautar ƙasa da aka turo daga kudu, da ɗalibar da ba ta da kuɗin motar zuwa gida, da wanda danginsa suka juya masa baya ranar da ya karɓi baftisma. Akwai manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, wanda kunya ke hana shi zuwa coci ranar nan domin hannunsa wofi ne.

Matasanmu na birni sun samo wata dabara. Sukan haɗa kuɗi su dafa shinkafa a ɗakin ɗayansu, su ci tare kamar 'yan gida ɗaya. Wasu dattawa suna gunaguni cewa yara sun fifita abokai a kan dangi. A ganinmu ba abin zargi ba ne, muddin ba a manta da iyaye ba, gama Rut ma zaɓar Na'omi ta yi. Sai dai abokan da mutum ya zaɓa da kansa sukan zama irinsa, masu albashi irin nasa, masu yare irin nasa. Shi ya sa a Luka sura 14 Ubangiji ya gargaɗi mai biki kada ya tsaya ga waɗanda za su iya rama masa gayya.

Saboda haka muna roƙon kowace majami'a, har da na ƙauyuka, katikist da shugabannin Zumuntar Mata su zauna tun mako biyu kafin ranar, su rubuta sunayen waɗanda ba su da gidan da za su ci abinci. A raba su ga iyalai, a kuma kira su tare da iyalin a lokacin baiko, su kama damin tare. A ware kaso daga hatsin kafin a fara gwanjo, a kai wa gwauraye da dare ba tare da sanarwa ba. Maƙwabcinmu Musulmi da ya aiko mana da naman layya kuma, a tuna da kwanonsa.