Tauye Mudu a Cikin Aji

Darasinmu na yau daga Suratul Muɗaffifina yake, sura ta 83, inda Allah Ya yi narkon azaba ga masu tauye mudu. Da yawanmu mun ɗauka maganar 'yan kasuwa ce kawai. A'a, duk mai karɓar haƙƙinsa cif ya ba da na mutane a tauye, ya ji tsoron wannan sura.

To ina ga malamin firamaren gwamnati da zai sa hannu a rajista ƙarfe takwas, kafin tara ya hau babur ya tafi acaɓa ko gona? Darasin lissafi ya koma "Monita, rubuta sunan masu surutu." Na san albashin bai taka kara ya karya ba, wani sa'in ma sai an shiga wani watan ba a biya ba. Wannan zalunci ne, a bi kadinsa ta ƙungiyar NUT. Amma ba yaran nan suka riƙe maka kuɗi ba. 'Ya'yan talakawa ne, iyayensu ba su da halin makarantar kuɗi.

Abin da ya fi damuna mu ne. Hedimasta ya ba shi takardar tuhuma, magana ta kai ofishin sakataren ilimi, sai ka ga dattawan unguwa, wani lokacin har da liman, sun tafi kamun ƙafa: "A rufa masa asiri, mai iyali ne." Shi ke nan, takarda ta kwanta, a yi masa canjin wurin aiki zuwa makarantar ƙauye, inda ba mai zuwa dubawa.